Rubutun da Ke Damtsena

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba na jin zan taɓa mantawa da yinin bikin Hadiza, ranar da yayar mahaifiyata ta riƙe damtsena a gaban mata sun fi ashirin, ta karanta abin da na sa aka rubuta a fatata. Shekara uku ke nan, amma har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da kuwa ni kaɗai ce a ɗaki.

Ina da shekara goma sha ɗaya Baba ya ɗauko ni daga Kano ya kawo ni New York. Sun riga sun rabu da Umma tun ina ƙarama, shi yana tuƙin tasi a nan, ita tana can Gwammaja tana sayar da kayan miya a cikin gida. Aka ce karatu ya fi kyau a nan, Umma ta haɗa min kaya. Ni ce 'yar farinta, kuma ni kaɗai Allah ya ba ta, don haka duk alkunyar duniya a kaina ta ƙare. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". A filin jirgi ma da za mu rabu, abin da ta ce min shi ne in gyara ɗankwalina.

Cikin shekara goma sha tara sau biyu na je gida. Kullum da dalili: makaranta, aiki, tikiti ya yi tsada, sai baɗi. Ranar da ta rasu ina wurin aiki a Harlem, ina yi wa wata tsohuwa wanka (aikina ke nan, kula da tsofaffi a gidajensu, iyayen wasu), wayata tana cikin jaka. Kafin in duba in ga kira tara, har an kai ta makwancinta. Na ce zan je sadakar arba'in. Ban je ba. Ba na son in ga ɗakinta babu ita, wannan ce gaskiyar, sauran duk ƙarya na yi wa mutane.

Sati biyar da rasuwarta wani Bazabarme mai shago a layi na 125 ya kira ni, ya ce wata Hajiya ta dawo daga Kano ta bar min saƙo a wurinsa. Ashe tun kafin ciwo ya kwantar da Umma ta haɗa min kaya a jaka, aka yi ta jiran matafiyi. Na ɗauko na kawo gida na zauna a ƙasa na buɗe. Yaji ne, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da garin kuka, kowanne a ƙulle cikin leda biyu, sai atamfa turmi ɗaya. A can ƙasan jakar kuma na ga wata 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta, da layi ɗaya na rubutun ajami da shuɗin biro.

Yanzu sai in faɗa muku matsayin karatuna. Na bar Islamiyya ina izu biyu. Ina iya bin Alƙur'ani bugun zamani a hankali, ina tuntuɓe, amma rubutun hannu irin na gida, mai ɗigo a inda ban saba gani ba, wannan ya fi ƙarfina. Duk da haka na zauna da takardar nan kusan awa guda ina haɗa baƙi da wasali kamar 'yar kotso. Kalma biyu na ciro. Ɗaya "kuka", ɗaya "kada". Nan take zuciyata ta cike sauran: kada ki yi kuka. Umma ta san za ta tafi, ta kasa faɗa min da baki saboda kunya, sai ta rubuta.

Na lura fa cewa "kuka" ce ta fara zuwa kafin "kada". Sai na ce wa kaina ai irin wannan rubutun daga dama yake farawa, ƙila a juye ake jera maganar (kun ji ilimi). Ledar kuka kuwa tana gefen gwiwata a lokacin, har garinta ya ɗan zuba a kan kafet. Ban kalle ta ba. Na kifa kai a kan jakar na yi abin da nake zaton an hana ni, har muryata ta dushe.

Akwai masu karanta ajami a garin nan ba iyaka. Limamin masallacinmu zai karanta min a tsaye. Baba ma zai karanta. Amma ban nuna wa kowa ba. Ina jin kunyar a ce ga ni ƙatuwa, da takardar shaidar kwaleji, na kasa karanta layi ɗaya da uwata ta rubuto min. Kuma in na faɗi gaskiya, ba na son wani ya sa bakinsa a cikin maganar. Tawa ce ni kaɗai.

Takardar ta fara laushi saboda yawan buɗewa da ninkewa, biron ya soma dusashewa a inda yatsana yake taɓawa. A nan tunanin tatu, zanen da ake yi a fata da allura, ya shigo min. Na san hukuncinsa, ba sai an gaya min ba. Maimuna, abokiyar aikina 'yar Kumasi, ita kaɗai na gaya wa, muna jiran bas. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce in ɗauki hoton takardar in sa a firam kamar yadda masu hankali suke yi. Na ce firam yana fashewa. Ta ce in sa maƙerin zinariya ya zana min a jikin sarƙa. Na ce sarƙa tana ɓata.

"Wannan abu ba ya fita fa," in ji ta. "Da shi za a wanke ki."

Na ce abin da nake so ke nan. Ta ce to aƙalla in tabbatar babu sunan Allah a ciki, tunda da shi zan riƙa shiga banɗaki. Wannan kam na duba, sunan Allah ko a wane hannu aka rubuta ina gane shi. Babu. Sai na ɗauki hakan kamar an ba ni izini.

Wurin da za a sa shi ya fi komai cinye min lokaci. Sati uku ina tsayawa gaban madubi da takarda a hannu, ina ɗora ta nan, ina ɗora ta can. Wuyan hannu ba zai yiwu ba, duk alwalar da zan yi a masallaci sai an gani, Baba kuma ido gare shi kamar na shaho. Gadon baya ɓoyayye ne, amma me amfanin maganar da ni kaina ba zan gan ta ba? Na yi tunanin ƙirji, wajen zuciya, sai na tuna dole in tuɓe wa baƙo, na fasa. Ƙafa kuwa ban ko fara ba, ba zan taka maganar uwata ba. Daga ƙarshe na tuna yadda Umma take riƙe ni in za mu tsallaka titi. Ba ta kama min tafin hannu, damtsena na hagu take damƙa ta ciki, da ƙarfi, har yatsunta su bar shaida. Ban tuna ta taɓa rungume ni ba, amma wannan damƙar ina jin ta har yau. Na ce nan ne. Riga tana rufe shi, ni kuma in na ɗaga hannu zan gani.

Na zaɓi wani shago a Flatbush, nesa da duk inda za a san ni, na je da rana tsaka ranar da ba ni da aiki. Mai zanen wata mata ce 'yar Jamaika, hannuwanta duk zanen furanni har wuya, mai magana a hankali. Ta karɓi takardar da hannu biyu da na ce mata ta mahaifiyata ce. Sai ta tambaye ni ko na tabbata na san abin da aka rubuta. Ta ce tana yi wa kowa wannan tambayar in rubutun ba na Turanci ba ne, don ta sha ganin masu dawowa da hawaye. Na ɗaga haɓa na ce mata yarena ne, da shi aka haife ni. Har fassara na yi mata. Idonta ya kawo ruwa, ta ce ita ma tata ta rasu bara.

Ta yi aikinta da kyau, ba zan ci amanarta ba. Ta kwafi rubutun daidai, har da wurin da biron ya tsallake aka sake bi. Naman wurin yana da taushi, allurar ta shige ni ƙwarai, na cije leɓe ina ce wa kaina an ce kada in yi kuka. Da ta gama ta nuna min a madubi, na ji kamar an sauke min wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi.

Wata takwas na yi da shi babu wanda ya sani sai Maimuna. In na gaji a wurin aiki, ko wata tsohuwa ta zage ni, sai in shiga banɗaki in naɗe hannun riga in duba. Ina istigfari, ina kuma dubawa. Kuma ya yi min amfani, wannan ne abin da ya fi ba ni haushi yanzu.

Sai bikin Hadiza ya taso. Hadiza 'yar Inna Talatu ce, yayar Umma uwa ɗaya uba ɗaya, ta zo karatu nan ta samu miji, suna zaune a Tompkinsville, tsallaken ruwa. Inna Talatu ta zo daga Kano don bikin. Malama ce, shekara da shekaru tana koyar da matan aure a Islamiyya, mace mai tabarau a rataye da igiya, wadda ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba ko da ta so. Tun rasuwar ban gan ta ba. Da na je gaishe ta ta riƙe ni ta daɗe tana kallon fuskata, ta ce na ɗauko goshin Umma.

An fitar da anko na leshi, telan kuma ya yi wa kowa gajeren hannu mai faɗi. Na gwada a gida na ga in hannuna yana ƙasa babu matsala, na ɗora babban gyale a kai na ce shi ke nan. Ranar yini na hau jirgin ruwa na tsallaka, na tarar falo cike da mata ana shiri, wasu na kwalliya, wasu na cin waina a tsaye, turaren wuta ya turnuƙe ko'ina. Ga dangin ango, ga maƙwabta 'yan Gana da 'yan Nijar. Ni kuma an san ni da iya ɗaurin gwaggwaro, kuma ina son a san ni da shi. Da Inna Talatu ta ce wa zai ɗaura mata, ni na fara cewa ni ce.

Ta zauna a kujera, na tsaya a gabanta na ɗaga hannuwa biyu sama da kanta. Gyalen ya zame ya faɗi. Hannun rigar ya koma kafaɗa. Damtsena yana daidai hancinta.

Na ji ta kama ni, a daidai wurin. Ta jawo tabarau ta sa. Da farko ta zaci da biro na rubuta, har ta lashi yatsa ta goga. Sannan ta yi abin da ta saba yi a aji, ta bi shi da yatsa tana karantawa da ƙarfi, gaɓa gaɓa.

"Ku-ka ce. Ka-da ta ji-ƙe."

Wata daga dangin ango ta tambaya wace kukar, Inna Talatu ta ce ta miya mana, ga shi a rubuce. Sai dariya ta ɓarke. Wata ta ce 'yan Amurka sun ci gaba, yanzu a jiki ake rubuta cefane. Wata ta ce a duba ɗaya hannun ko daddawa tana can. Wata dattijuwa kuma ba ta yi dariya ba, salati take tana tafa hannu, tana tambaya ko irin wanda ba ya fita ne. Har amarya ta leƙo daga ɗaki da rabin jagira. Ni ina tsaye, hannu ɗaya a sama riƙe da bakin gwaggwaro, don in na saki ɗaurin zai warware (har a wannan halin ina tunanin ɗauri).

Da na yi shiru da abin ya tsaya a dariya. Amma sai na buɗe baki don in kare kaina.

"Rubutun Umma ne," na ce. "Shi ne na ƙarshe da ta yi min."

Dariyar ta mutu. Inna Talatu ta sake duban damtsen, ta dube ni, ta cire tabarau. Na ga ta yi ƙoƙarin rage murya, amma na faɗa muku ba ta iya ba.

"'Yar nan, uwarki ba ta rubutu. Wannan hannuna ne."

Ban san yadda na fita daga falon ba. Na dai tsinci kaina a bayan gidan, a kan matakalar katako, kusa da bokitan shara, babu gyale babu takalmi. Ina jin muryoyi sun dawo a ciki a hankali, irin maganar da ake yi in an san wanda ake magana a kansa yana kusa. Kunyar kukar miya ta riga ta wuce ni. Wadda ta danne ni ita ce mata ashirin sun ji cewa na kai shekara talatin ban san uwata ba ta iya rubutu ba.

Bayan kamar minti goma Inna Talatu ta fito, gwaggwaronta a karkace, ta zauna kusa da ni da ƙyar saboda gwiwa. Na jira faɗa, ba ta yi ba. Ta ba ni labarin da ban taɓa tambaya ba. Umma tana da shekara shida aka ba da ita riƙo wurin wata gwaggonsu a ƙauye, ita Inna aka bar ta a birni ta yi karatu. Umma ta haddace abin salla da ka, amma ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, kuma ba ta son a sani. Wasiƙun da nake samu ina yarinya, Inna ce take rubutawa. Da waya ta zo, Umma ta ji daɗi, don tana iya aiko min da saƙon murya. Ni kuma sai in ga minti shida, minti takwas, ina cikin jirgin ƙasa, in saurari farkon in mayar mata da amsa a rubuce, layi biyu. Inna ta ce duk saƙon da na rubuta, Umma takan sa hijabi ta tako har gidanta a karanta mata. In ba ta same ta ba, ta jira. Wani lokacin ta sa a maimaita sau uku, layi biyun nan.

Na tambaya me ya sa ba ta taɓa gaya min ba. Inna ta ce ita ma ta ce mata ta faɗa, sai Umma ta ce yarinyar tana da aiki, kada a ɗora mata.

Ta ce ranar da aka haɗa jakar nan ciwon ya riga ya fara cin ta, amma ta ƙi yarda a sayo kuka a kasuwa. Ita ta daka ta tankaɗe da kanta, tana yi tana hutawa. Ta ji ana cewa garinmu ruwa da ƙanƙara ba sa ɗaukewa, shi ya sa ta matsa sai an rubuta an manna a jikin ledar, ta tsaya a kan Inna har ta rubuta, ta sa ta karanta mata ta ji ko daidai ne.

"Maganar tata ce," in ji Inna. "Biron ne kawai nawa."

Daga nan ta dawo malamarta. Ta ce abin da na yi babu kyau, na kuma sani, in nemi gafarar Allah, in akwai hanyar cirewa ba tare da cuta ba in cire. Sannan ta miƙo min gefen mayafinta in share fuska, ta ce in tashi in gyara mata ɗaurin nan, ba za ta shiga hoto kamar wadda aka kora daga kasuwa ba. Na koma falon da kumburarrun idanu na ɗaura mata. Wata 'yar Nijar ta ɗauko gyalena ta yafa min, ta ɗan bubbuga bayana.

Labari ya riga ni isa wurin Baba, kamar yadda aka saba. Sati biyu ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Ran nan ina zuba masa shayi ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, shi ma sai da suka yi shekara da aure ya gane Umma ba ta iya karatu ba, don takan riƙe takarda ta yi kamar tana dubawa.

Na je asibitin da ake cirewa, likitar ta duba ta ce a baƙar fata sai an yi zuwa da yawa, kuma zai iya barin tabo. Na karɓi ranar farawa, na ɗaga, na sake ɗagawa. Har yau yana nan. Ba na kare kaina, ina dai faɗar yadda abin yake. A wasu gidajen biki har yanzu in na shiga sai in ji an ce ga Mai Kuka nan, in yi dariya tare da su, don in ban yi ba ma za su yi.

Saƙonnin muryarta suna cikin tsohuwar wayata, guda ɗari da wani abu, yawancinsu ban taɓa kai ƙarshensu ba. Yanzu ina sauraren ɗaya duk ranar Juma'a, ba na ƙarawa, don kada su ƙare da wuri. Babu wata babbar magana a ciki. Farashin tumatir, wadda ta haihu, akuyar maƙwabta da ta cinye mata zogale, sai a ƙarshe ta ce, "To, ke, sai an jima."

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma ga shi: in za ku sa a rubuta muku abu da allura, ku fara kai wa wata tsohuwa mai tabarau ta karanta muku, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. In kuma uwarku ta aiko muku da magana ta minti takwas, ku zauna ku ji ta har ƙarshe, ko da labarin akuya ne.